Itacen Wankan Jegona

Shekarun baya, ba wasu masu yawa ba, tunda yarinyar da zan yi maganarta bana ta fara zuwa makarantar allo, na yi haihuwar fari a tsakiyar ɗari. Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa ce, kowa ya san yadda kasuwa ta koma a lokacin. Na daɗe ina so in rubuta abin da ya same ni a wannan jegon, sai in ɗauki biro in kasa, in ajiye. Yau dai na ce ko ta yaya zan rubuta.

Na gama kwalej a Ƙonni aka ɗaura mini aure da wanda nake so, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda a wajenmu ake kira Mushe, yana koyarwa a wani ƙauye can wajen Illela. Mutum ne mai haƙuri, sai dai a shekarun nan ma'aikacin gwamnati yakan yi wata da watanni bai ga albashi ba. Da cikina ya tsufa aka maido ni gidan babana, a ƙauyenmu kusa da Dogarawa, don haihuwar fari a gida ake wankanta.

Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba. Ƙanwar babana ce ta rene ni, Gwaggo. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, sai ta dawo gidan ɗan'uwanta ta zauna, ni na zama nata. A garinmu in mace ta haihu ita ake kira ta yi mata wanka. Tana da wata magana da take yi tana buga ƙirji: “Ni dai tunda nake, mai jego ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba.” To yanzu ga tata ɗiyar ta zo hannunta. Kun san ba za ta yarda a rage komai ba.

Wanda bai sani ba, wankan jego wuta yake ci. Kwana arba'in, safe da yamma, sai an tafasa ruwa mai yawa, a tsoma ganyen dogon yaro a riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi laushi. Bayan wanka ta sha kunun kanwa, sannan ta hau gadon ƙasa wanda aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi ta kwanta ta gasu. Duk don kada sanyi ya shige ta, domin a wajenmu babu abin da ake jin tsoro ga mai jego kamar sanyi. Itacen wannan aiki kuwa a wuyan miji yake. Tun kafin haihuwa yake tara shi a ƙofar gidan surukai, masu wucewa suna kallon tulin suna auna shi da mutuncin mai shi.

A shekarar itace ya zama abin da ya zama. Dajin da ke kusa da mu ya ƙare tun fari, masu jakuna sai sun yi nisa kafin su samo, ma'aikatan daji kuma ba sa ɗaga wa mai saran ɗanye ƙafa. Abin da maigidana ya iya, bayan ya sayar da rediyonsa, amalanke ɗaya ne na sabara da geza, sirara kamar yatsun hannu. Ranar da aka sauke Gwaggo ta fita ta zagaya shi, ta dawo tsakar gida. Suruki ba ya shigowa ciki, ita ma ba ta yi masa magana ido da ido, sai ta ɗaga murya yadda zai ji daga zaure, wai da ni take:

“Ke ɗiyar nan, tambayo muna Mushe, wanga icce na dahuwar shayi ne ko na wankan jego?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya yi wa babana sallama ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo a bayan motar siminti, shi da wani abokinsa mai walda a Malbaza, sun ɗauko tano, gangar ƙarfen nan ta mai, da guntayen bututu. Abokin ya ce ya taɓa ganin irin dabarar a gidan wani Bature. Suka gina murhu a waje, jikin bangon ɗakina, suka ɗora tanon a kai suka lulluɓe gefensa da laka don kada zafi ya zube. Suka fasa bango daga ƙasa, suka yi wa hayaƙi hanya ta ƙarƙashin gadon ƙasa, ya bi ya fita ta ɗaya ɓangaren cikin bututu mai tsawo da ya wuce rufi. Ke nan wuta ɗaya aiki biyu: ta tafasa ruwan wanka, zafinta kuma ya gasa gado, ba sai an shigo da garwashi ɗaki ba. Abokin ya rantse cewa da rabin itacen da aka saba ƙonawa za a gama arba'in.

Gari ya zo kallo. Gwaggo ta ja tsaki ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi jego da injin ba. Amma da aka gwada, ta ɗora tafin hannunta a kan gadon ta ji ya ɗau zafi tun daga kai har ƙafa. Can ta ce, “To, ashe lakwal ba ƙarya ce duka ba.” Ni kuwa har da ɗaga kai, wai mijina ne ya kawo wa garinmu ci gaba.

Na haihu lafiya, mace. Ranar suna aka sa mata sunan Gwaggo. Ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Ni dama kunyar ɗan fari ta hana ni ko kallon jinjirar a gaban mutane, sai in an miƙo mini ita in ba ta nono in kau da kai. Gwaggo ce mai ɗauka, mai wanka, mai goyo. “Takwarata,” haka take ce mata, “uwarki 'yar boko ce, ba ta san komai ba, ni da ke za mu yi zamanmu.”

Har suna komai lafiya lau. Sai dai hidimar suna ta ci itace, don baƙi sun zo kuma dole a dafa. Da aka watse Gwaggo ta tsaya a kan abin da ya rage ta daɗe tana kallo. Ko rabin arba'in ba zai kai mu ba. Aka aika wa maigidana, ya aiko cewa ana ta rade-radin za a biya su ƙarshen wata, a yi haƙuri. Babana kuwa hatsin da ke rumbu shi ne na ci har damina, ba ya taɓuwa. Kuma a ce ɗiyar da Gwaggo ta rena an yanke mata wanka saboda itace, ko a je roƙon itace maƙwabta, wannan ita da mutuwa ɗaya ne a wurinta.

Sai ta shiga dabara. Da ta idar da sallar asuba ta ɗauki kwando ta nufi gonaki, ta tsinto kara da tushiyar dawa da busasshen kashin shanu inda Fulani suka yi zango. Tsohuwa ce fa, ga ciwon gwiwa. Takan dawo hannuwanta sun tsage don sanyi, ta haɗa abin da ta samo da itace biyu ko uku ta hura.

Wata safiya ina zaune a bakin ƙofa ana shafa mini mai, na ga ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon bakin bututun nan. Wuta ta riga ta zama garwashi, hayaƙi ya ɗauke, amma kana ganin iska tana rawa a saman bututun don zafi. Wasu 'yan tsuntsaye sun jeru a gefen rufi kusa da shi.

“Kin gani ko?” in ji ta. “Ni in sha wahalar tsinto kara, tsuntsaye su sha ɗumi.”

Ta kwaɓa laka da tsumma, ta jingina turmi ta taka, ta cusa a bakin bututun. Bakin murhun ma ta kara masa wani guntun kwano. Na ce, “Gwaggo, ba a ce nan ne hanyar hayaƙi ba?”

“Ina hayaƙin? Duba da kyau. Sai ya ƙare nake rufewa. Garwashi ba shi da hayaƙi. Tun ba a haifi ubanki ba muke rufe wuta da toka ta kwana, yau ke za ki koya mini?”

Na duba, gaskiya babu hayaƙi. Ni da na haddace kogunan ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba, sai na ƙyale ta. Kuma dabarar ta yi aiki. Gadon da kan huce kafin azahar sai ya riƙe zafi har wankan yamma. Kullum in za ta hura sai ta cire lakar, in wuta ta faɗa ta mayar. Itace ya fara auki. Ta yi ta murna tana cewa in Mushe ya zo a gaya masa tsohuwa ta gyara masa injinsa.

Abin da ba mu lura da shi ba, gadon ya tsattsage. Sabon gini ne da aka yi cikin gaggawa, ga wuta kullum. Tsagar tana ƙarƙashin tabarma da kuma ta gefen gadon can ƙasa, siririya, ba mai kula ta.

Sai na fara ciwon kai. Wani irin ciwo ne kamar an ɗaure mini goshi da igiya ana ja, ga tashin zuciya, in na miƙe ɗaki ya juya. Na gaya wa Gwaggo, ta taɓa wuyana ta ce, “Na sani. Sanyi ne ya sami kafa.” Ta samo takardun buhun siminti ta toshe 'yar tagar ɗakin. Ta rataya tabarma a bayan ƙofa, ta naɗe tsohon zane ta kwantar a ƙasan ƙyauren inda iska ke shigowa. Ciwon ya ƙaru, ta ƙara toshewa. Na ce mata ni fa in na fita wanka sai in ji kaina ya sake, in na dawo ɗaki ya dawo. Ta ce, “To ai shi ne. Ruwan zafi ke korarsa. Da kin san irin matan da na gani sun kumbura sun mutu don sun raina sanyi, da ba ki yi mini gardama ba.” Ita ma tana yawan dafe kai a kwanakin, ta ce tsufa ne da sammako.

Akwai wata kaza da ke kwanci a lungun ɗakin, bayan randa, an bar ta ciki saboda muzuru. Wata rana bayan azahar muka tarar da ita a mace a kan ƙwanta, ba ciwo ba jini. Gwaggo ta ɗaga ta ta juya, sai ta ce, “Alhamdu lillahi. Abin da ya taho wa takwarata ne ya faɗa kan wagga.” Ta sa aka kai ta bayan gari aka yar, ta kawo wuƙa ta ajiye a saitin kan jinjira, ta tofa mana addu'a. Na kwanta a ranar ina gode wa Allah da Ya ba mu kaza.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, gidan ya watse tun da hantsi. An yi sanyin da ban taɓa jin irinsa ba. Gwaggo ta dawo daga tsintar kara tana rawar ɗari, leɓɓanta sun yi fari. Abin da ta samo a ranar yawanci kashin shanu ne, wani ma bai gama bushewa ba. Ta hura, ta yi mini wanka, ta ba ni kunu, ta hau turmi ta toshe bututu. Da ta kwantar da ni da jinjira a kan gado, maimakon ta fita aikinta kamar kullum, sai ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta. Ta ja ƙyaure ta gyara zanen da ke ƙasansa, ta shimfiɗa buhu a ƙasa ta manna bayanta da jikin gadon, daidai inda ya fi ɗumi.

“In takwarata ta motsa ki tashe ni,” in ji ta. “Kada ki ɗauke ta da hannun nan naki na riƙon biro.”

Maganarta ta ƙarshe ke nan da na ji.

Nono ne ya tashe ni. Ya cika ya yi tsami har ya jiƙa mini zane. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne, yarinyar nan ba ta taɓa yin barci haka ba ta nemi nono ba. Na so in juya in dube ta, wuyana ya ƙi. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana kamar ana daka. Idona a buɗe, ina ganin haske siriri ta gefen ƙyaure, hankalina yana cewa tashi, jikina kuwa kamar na wata. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna, wallahi ba na jin tashin. Barcin daɗi yake mini. Wani abu yana ce mini ki ƙara kaɗan.

Da ƙyar na kai hannu na taɓa ta. Da ɗuminta, amma ta saki. Fuskarta ta yi wani ja mai kyau, kamar an shafa mata jan baki a kumatu. Na girgiza ta, kanta ya faɗa gefe.

Na buɗe baki in kira Gwaggo, sai amai. Na mirgina na faɗo daga gado, a kanta na faɗo, da dukan nauyina. Ba ta motsa ba. Tana wani minshari mai nauyi, mai tsayawa ya dawo. Wannan matar da ko ɓera ya taɓa kwano sai ta farka. A nan na san ba barci muke ba.

Ƙafafuna ba sa ɗaukata. Na kama bakin zanen da jinjira ke kwance a kai na jawo, ta zamo ta faɗo a ƙirjina. Na riƙe ta da hannu ɗaya, na ja ciki da gwiwar ɗaya hannun. Daga gadon zuwa ƙofa, mai lafiya taku kaɗan ne. Ni ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na tuna na kifa fuska a ƙasa na ce bari in huta, sai na ji 'yar iska mai sanyi ta ƙasan ƙyaure tana taɓa mini goshi, inda zanen bai rufe ba. Sanyin nan da aka yi ta toshewa don kada ya kashe ni. Na sa hanci a wurin na yi ta ja. Sannan na fizge zanen, na tura ƙyauren da kai.

Na faɗo tsakar gida cikin rana. Na kwantar da yarinyar a ƙasa ina jijjiga ta ina kiran sunanta da iyakar muryata. Sunan da ban taɓa furtawa ba tunda nake, don na wadda ta rene ni ne, kuma na 'yar fari. Ranar na kira shi har maƙogwarona ya fashe. Babu wadda ta amsa a cikinsu.

Na bar ta a nan na juya zan koma in jawo Gwaggo. Na kai bakin ƙofa, ina hango ƙafafunta, hannuwana suka mutu. Na yi na yi, ko tafin hannu ɗaya ban ƙara gaba ba.

Allah Ya kawo wata Bafillatana mai tallan nono da ta saba biyowa ta gidanmu ranar kasuwa. Ta yi sallama a zaure, ta ji kuka ta leƙo. “Subhanallahi! Mai jego, mi ya fito da ke waje?” Na nuna mata ɗaki, bakina ba ya haɗa magana. Ta dire ƙwaryarta har nonon ya zube, ta shiga ta kamo Gwaggo ta ƙafa ta jawo ta waje. Ta fito tana tari tana cewa ɗakin nan ba lafiya ba. Ta ɗauki jinjirar ta hura mata iska a fuska, ta yayyafa mata ruwan randa, ta kife ta a hannu tana bubbuga bayanta. Can sai na ji wani ɗan kuka siriri, kamar na 'yar kyanwa. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don Gwaggo tana kwance a rana bakinta a buɗe, kukan takwararta bai tashe ta ba.

Matar ta fita tana kururuwa, mutane suka taru, aka kira babana daga kasuwa. A amalanke aka kai mu bakin titi, wani direban motar siminti ya tsaya ya kwashe mu zuwa asibiti. Malamin asibitin yana ganinmu ya tambayi babana, “Kun shigar musu da garwashi ɗaki kun rufe?” Babana ya rantse babu ko ƙwayar wuta a ɗakin, wutar tana waje. Da aka kwatanta masa yadda ginin yake, ya ce garwashin da aka hana wa iska yana fitar da wata guba, ba a ganinta, ba a jin warinta, in ba ta sami hanyar fita ba sai ta nemi ta shiga. Ya ce ni da yarinya mun yi sa'a. Da aka tambaye shi tsohuwar fa, sai ya ce a yi addu'a.

Ba ta buɗe ido ba. Kafin la'asar ta cika.

Maigidana bai iso ba sai washegari, an riga an rufe ta. Bayan ya yi gaisuwa ya zagaya bayan ɗakin, ya taka turmin nan da ke jingine inda ta bar shi, ya zaro lakar daga bakin bututu. Ta bushe, ga shatar yatsunta a jiki. Ya zauna a ƙasa da ita a hannu. Babana ya zo ya tsaya a kansa, ina jin su ta cikin zana.

“Ai ka faɗa mini,” in ji babana. “Ranar da kuka gina, a zaure, ka ce abokinka ya ce kada a kuskura a rufe bututun. Kanka a ƙasa, na ji ka. Na ce to. Sai na ɗauka sha'anin wuta da wanka na mata ne, ita ta fi ni sani. Ban isar ba.”

Maigidana ya ce, “Baba, da na kawo itace isasshe, da ba ta taɓa shi ba.”

Ashe maganar da za ta tsare mu ta zo har zauren gidanmu, ta tsaya a nan, tsakaninta da kunnen Gwaggo bango ɗaya.

Sai itace ya fara zuwa. Kun san in an yi rasuwa maƙwabta kan kawo gudummawa don dafa wa masu zaman makoki. To Gwaggo babu gidan da ba ta yi wa wanka ba a garin nan da ƙauyukan kewaye. Wannan ta aiko da dami, wancan ya turo jaki, wani tsoho da ta wanke masa mata da 'ya'ya ya aiko da amalanke cike da ƙirya, irin itacen da na manta rabon da in gani. Aka tula a ƙofar gida har ya fi katanga tsawo. Ina zaune a rumfa da yarinyata a cinya, yanzu babu mai karɓar mini ita, ina kallon tulin yana girma. Da rubu'insa ya zo kafin wannan ranar kasuwar, da tana nan tana yi mini faɗa. Kuma na san da ta buɗe baki ta nema, da sun kawo. Ba za ta nema ba ne, mu ma ba mu nema mata ba.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, itace bai ƙare ba. Wata maƙwabciyarmu ta karɓi wankan. Aka rushe murhun, aka fasa gadon, tanon babana ya ce a fitar masa da shi daga gida. A tukunya aka koma tafasa ruwa, a fili. Ni kuwa na ce ko za a yanka ni ba zan sake kwana a ɗakin ba, a rumfa na ƙarasa kwanakina da bargo biyu. Matan gari suka yi ta cewa sanyi zai kama ni.

Da itacen makokinta na cika arba'in, safe da yamma, ba a tsallake ko wanka ɗaya ba.

Har yau ban san wanda zan ɗora wa ba, kuma na daina nema. Kowa a cikinsu ƙoƙarin rufa mini asiri yake. Abin da ya rage mini shi ne tsoro. Ba na iya zama a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. In na ga mace ta ɗauki kaskon wuta za ta shiga ɗaki da yara, ko ban san ta ba sai na bi ta na yi magana, wasu su gode, wasu su ce 'yar boko ta fara. Ciwon kai kaɗan in ya kama ni sai in fita waje da gudu in tsaya ina jan iska. In yarinyar nan ta yi barcin rana ya yi nisa, sai na je na sa yatsa a hancinta. Da na yi haihuwa ta biyu na yi wankana cikakke, ban ƙi al'ada ba, amma tun cikin yana wata biyar nake sayen itace ina tarawa da kaina, kuma da ya yi ƙasa na aika gidan maƙwabta na roƙa, ban ji kunyar kowa ba.

Kwanan baya da sanyi ya shigo, yarinyar ta ce mini, “Inna, mu kaɗai ne ba mu rufe taga. Gidan su ƙawata har tsumma suke sawa.” Na ce mata ta ƙara bargo. Ta ce, “Wai don mi?” Na buɗe baki in gaya mata, na ga ba zan iya ba tukuna. Ta san dai sunan wata kakarta ta ci, wadda ta iya wankan jego, wadda ake cewa mai jego ba ta taɓa mutuwa a hannunta ba.

Kuma gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta.